Da Jaka A Baya: Wuni Guda Daga Rumde Zuwa Ƙofar Lamiɗo

Ana sallame sallar asuba Rumde take farkawa. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko, 'yan Keke Napep na goge kujeru suna jiran fasinjan farko. Daga gefen Kogin Binuwai iska mai ɗan sanyi na shigowa lunguna, ita ce kuma rabon sanyin wannan rana, domin kafin hantsi ya dubi ludayi zafin Jimeta zai karɓi gari.

A bencin mai shayi ake fara gane baƙo. Matashi ne da jakar goyo a baya, waya a hannu, ƙurar hanyar Gombe da Numan ba ta gama barin takalminsa ba. Ya yi sallama da Hausar Kano, aka amsa masa da Hausa. Mutum biyu da ke kusa da shi suka ci gaba da hirarsu da Fulatanci, wani ya amsa waya da Bachama, yarinyar da aka aiko sayen burodi kuma ta yi ciniki da gurɓataccen Turanci. Kafin shayinsa ya huce ya ji harshe huɗu, bai ko tashi daga zaune ba.

Irin waɗannan matafiya sun fara yawa a biranen Arewa. Wasu masu yi wa ƙasa hidima ne da aka turo sansanin Damare, suka ga gara su san garin kafin shekara ta ƙare. Wasu ɗalibai ne. Wasu kuma masu ɗaukar bidiyo ne don TikTok da YouTube, waɗanda suka ga yadda Kunle Adeyanju ya taho daga Landan zuwa Legas a kan babur a 2022, Pelumi Nubi ta biyo da ƙaramar mota a 2024, suka ce su ma bari su fara da abin da aljihunsu zai ɗauka. Kuɗinsu kaɗan ne, kayansu jaka ɗaya, abin da suke nema shi ne su ga gari da idonsu.

Abin da ake biyan kuɗi a gani a wata nahiya

A kudu maso gabashin Asiya wannan irin yawo sana'a ce mai zaman kanta. Birnin George Town na tsibirin Penang a Malesiya, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008 tare da Melaka, yana da titi guda da mutum zai bi da ƙafa ya wuce coci, da wurin bautar 'yan asalin Sin, da na Hindu, da Masallacin Kapitan Keling. Matasa daga Turai da Ostareliya na kwana a ɗakunan haya masu gadaje jere, su ci abincin bakin titi, su ɗauki hoto su wuce. Malesiya ta karɓi baƙi kusan miliyan 26 a 2019. Ɗaliban Arewa da suka yi karatu a can sun ga wannan da idonsu.

Abin da ake tallatawa a Penang shi ne cuɗanyar al'ummu a wuri ɗaya. To Jimeta ma ba ta rasa wannan ba. Jihar Adamawa na cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Najeriya, an ƙiyasta sun haura 50, kuma kusan kowace ƙabila tana da 'ya'yanta a babban birnin: Fulani, Bata da Bachama, Vere, Chamba, Kilba, Margi, Higgi, Lunguda, Yungur, Mbula, Gude, Fali, ga Hausawa da Barebari da Shuwa da suka daɗe da zama 'yan gari, ga Ibo da Yarabawa a shaguna da gareji. Bambancin shi ne a can an tsara gari don baƙo, an kafa alluna, an buga taswira. A nan baƙo sai ya buɗi baki ya yi tambaya.

Rumde da bakin kogi

Rumde ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tare da irin su Limawa, Gwadabawa, Alƙalawa, Ajiya, Yelwa, Luggere, Doubeli da Jambutu. Tsohuwar unguwa ce mai cunkoso, gida na jingine da gida, lungu na haifar lungu. A zamanin daular Fombina, wato Adamawa ta da, rumde shi ne rinjin da bayi ke noma wa masu sarauta, kuma akwai wurare masu wannan suna har cikin Kamaru. Yau mazaunanta 'yan kasuwa ne, da masunta, da direbobi, da malaman tsangaya, da ma'aikatan gwamnati masu ƙaramin albashi.

Wanda ya san abin da yake yi, da kogi yake fara yawonsa tun rana ba ta yi ba. Da rani Binuwai kan janye ya bar yashi fari fat mai faɗin gaske, sai ruwan ya koma 'yan rassa da kwale-kwale ke ratsawa. Masu ɗibar yashi na loda wa tifa, mata na wanki, manoman rani sun kafa injin ban-ruwa a gefe. Masunta na juye abin da koma ta kamo cikin daro: tarwaɗa na motsi, ƙarfasa, ragon ruwa, wani lokaci giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Dillaliya ta ɗaga kifi ta kunne ta duba jan da ke ciki, ta taya, masunci ya ce albarka, ta ajiye ta yi kamar za ta tafi. Ba ta tafiya.

Wannan kogi shi ya yi Jimeta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwan Kamfanin Royal Niger ke hawowa da gishiri da yadi, su koma da ƙaro da fatu da hauren giwa, daga baya gyaɗa da auduga. Ruwan ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin damina, don haka duk cinikin shekara a cikin wannan ɗan lokaci ake yin sa, har zuwa Garwa ta Kamaru. Aikin tashar jirgi ya jawo 'yan dako da fatake da masu sana'a daga ko'ina, Turawan mulki kuma suka kafa ofisoshinsu a nan, suka bar Yola ga Lamiɗo. Daga nan garin ya zama tagwaye: ɗaya na sarauta da malanta, ɗaya na kasuwa da baƙi.

Jiragen sun daɗe da daina zuwa. Abin da kogin ke kawowa yanzu a wasu shekaru ambaliya ce. Idan ruwan sama ya yi yawa, aka kuma buɗe madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, unguwannin bakin kogi ne ke fara kwasa. An gani a 2012, an sake gani a 2022. Baƙo mai lura zai ga zanen da ruwa ya bari a jikin wasu katangu, da gidajen da aka ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku.

Kasuwa, inda Hausa ke aiki

Daga Rumde zuwa tsohuwar kasuwa tafiyar ƙafa ce. Zuwa babbar kasuwar zamani kuwa sai a tari Keke, domin an fi shekara goma da hana acaɓa a cikin birnin saboda tsaro, Keke ta gaje shi. Direba zai ce "Hamma, ina zuwa?" ko "Adda, matsa kaɗan," domin Hausar Jimeta ta ari kalmomin zumunta na Fulatanci ta riƙe. Dattijo Bappa ne, dattijuwa Goggo ko Dada. Bakano zai ji ana sa "shi" inda ya saba jin "ita", ya yi murmushi. Ba a jima ba sai ya ji kansa yana cewa "useko" idan an ba shi canji.

A kasuwa ake ganin yadda aka raba aiki ba tare da wani ya zauna ya raba ba. Kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini akasari a hannun Ibo. Hatsi da goro da yadi wajen Hausawa. Nono da man shanu a kan matan Fulani da ke shigowa da ƙwarya tun safe daga rugage. Doya daga ƙasar Mumuye da Chamba, busasshen kifi daga garuruwan kogi, turaren wuta da humra wajen matan Barno. Akwai 'yan canji da ke karɓar Sefa, akwai atamfa da sabulu da suka tsallako iyaka. Duk wannan hada-hada da Hausa ake yin ta, ko da masu cinikin biyu babu Bahaushe a cikinsu.

Dattawan Yola da yawa ba sa jin daɗin hakan. Kukansu shi ne yaran da aka haifa a gidajen Fulani na tasowa Fulatancinsu na rawa, kuma irin wannan kuka ake ji daga iyayen Bachama da Kilba da Margi. Matasa kuwa na ganin harshen da zai sayar maka da kaya ya sama maka abokai ba abin gudu ba ne. Gidajen rediyon garin, irin su Gotel da Fombina da ABC Yola, suna watsa shiri da Hausa da Fulatanci da Turanci, amma ba kowane ƙaramin harshe ke samun fili ba.

Abincin rana ba ya wahalar samu. Kunun gyaɗa shi ne abin alfaharin Adamawa, ana dama shi da shinkafa, a sa tsamiya ko nono, mai kauri har cokali ya kusa tsayawa. Akwai dakkere da kindirmo, akwai tuwo da miyar tafasa ko ta karkashi da busasshen kifi a ciki. 'Yan taku kaɗan kuma sai ga shagon da ake tuƙa sakwara da miyar agushi. Mai ƙaramin guzuri zai ƙoshi bai taɓa kuɗin motarsa ba.

Azahar: rana ta hana yawo

Duk littafin jagorar matafiya da za a rubuta wa Yola, wajibi ne ya ware sa'o'in tsakar rana. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwalta na tururi, ruwan leda na ɗumi a hannu kafin a shanye. 'Yan gari ba sa jayayya da wannan rana. Ana shiga masallaci ko rumfa ko gindin dalbejiya a jira la'asar. Baƙon da ya ƙi ji, shi ake yi wa fifita.

Wannan zaman jira shi ke ba da damar hira, kuma a hirar ne ake jin abin da kyamara ba ta ɗauka.

Zaman tare da aka sha wuya a kansa

Masallatai da coci-coci a Jimeta ba su da nisa da juna. Ga babban cocin Katolika na St. Theresa, ga majami'un LCCN, ɗarikar da ta samo tushe daga zuwan ɗan mishan na Denmak Niels Brønnum garin Numan a 1913, ga na EYN da mutanen arewacin jihar suka zo da ita. Gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista, wa da ƙane, ana zuwa sunan juna da jana'izar juna. Mai ɗaukar bidiyo zai so ya tsaya a nan ya ce ga aljannar zaman lafiya. Mutanen garin sun fi shi sanin tarihinsu.

A ƙarshen Fabrairun 1984 mabiyan Maitatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka ta da tarzoma a Jimeta. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka rasa matsuguni, kasuwa ta ƙone. Shekara 30 bayan haka, a Oktoban 2014, Boko Haram ta kama Mubi bayan Madagali da Michika, jama'a suka kwararo Yola a ƙafa da bayan manyan motoci. An ƙiyasta masu gudun hijirar sun kai dubu ɗari uku zuwa huɗu, wato garin ya kusa ninkawa cikin 'yan makonni. Kaɗan ne suka shiga sansanoni irin na Malkohi da Damare. Mafi yawansu gidajen mutane suka sauka, magidanci mai ɗaki uku ya wayi gari da baƙi talatin.

A wancan lokaci harabar St. Theresa ta cika da dubban mutane, ba a tambayi addinin kowa ba. Ƙungiyar wanzar da zaman lafiya da Jami'ar Amurka ta Najeriya ta kafa a 2012 tare da malamai da limaman coci da 'yan kasuwa ta yi ta rabon abinci a masallatai da majami'u. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta, da masallacin Juma'a na Jambutu, da wata tashar da ke cike da masu sayen kayan miya, amma garin bai juya ya afka wa kansa ba. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 da ya gina wa 'yan gudun hijira a Sangere-Margi, ya haɗa musu da coci da masallaci. Wasu daga cikin mabiyansa sun yi gunaguni a kan masallacin, bai fasa ba.

Ba a ce komai ya daidaita ba. Siyasa kan tono batun ƙabila da addini duk lokacin zaɓe, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka a yankin Numan, a cikin gari kuma akwai 'yan Shila, matasan da ke fizgen waya da jaka, musamman a Keke da dare. Shawarar farko da mai masauki ke ba baƙo ita ce ya mayar da wayarsa aljihu.

La'asar a Yola

Idan rana ta yi sanyi sai a nufi cikin Yola. Hanyar ba ta kai rabin sa'a ba, ta bi ta gadojin sama da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina tun hawansa a 2019, ta wuce harabar Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa. Ana shiga tsohon gari sai hayaniya ta ragu. Katangu dogaye, zaure a ƙofar gida, dattawa kan tabarma. Gaisuwa a nan ba a gaggauta ta: jam na, jam, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gajiya, murya ƙasa-ƙasa.

Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a 1841 bayan ya zauna a Gurin da Ribadu. Daular da ya bari ta miƙa har Garwa da Ngaundere da Tibati. Da Turawa suka zo rabon ƙasa, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar babban birnin a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar kuma a hannun Jamus. A Satumban 1901 sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya yi sarauta daga 1953 zuwa 2010, ɗansa Muhammadu Barkinɗo ya gaje shi.

Yola ta taɓa karɓar matafiyi mai neman ganin gari tun kafin a san kyamara a nan, kuma bai ji da daɗi ba. A Yunin 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya iso daga Kukawa. Zuwansa da 'yan rakiya da takardun Barno ya sa Lamiɗo Lawal ya yi zargin akwai wata a ƙasa, domin a lokacin akwai jayayyar iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Kwanaki kaɗan aka ba shi hanya, ga zazzaɓi na cinsa. Duk da haka abin da ya rubuta game da Binuwai shi ya ƙara wa Turawa kwaɗayin hawowa kogin.

Matafiyin yau ba mai korarsa. Akwai gidan tarihi a fada, akwai babban masallacin Modibbo Adama, akwai dogarai da za su nuna masa inda zai tsaya da inda zai cire takalmi. Sai dai sau da yawa shiga na bukatar wanda ya san wani. Tafkin Njuwa, da aka san shi da bikin kamun kifi, yashi da laka sun cinye shi har bikin ya yi shekaru yana tangal-tangal.

Me ya hana abin ya zama sana'a?

Jihar na kiran kanta ƙasar kyau, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sukur da ke Madagali ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta amince da shi, a 1999. Ga duwatsun nan uku na Song, ga tsaunukan Koma, ga madatsar Kiri, ga gandun dajin Gashaka-Gumti da ya ratso ta Toungo. Jami'an gwamnati kan lissafo su a duk taron da ya shafi yawon buɗe ido.

Masu otal da direbobi na da nasu lissafin. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya har yanzu na gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa Adamawa, don haka Baturen da ake gani a Jimeta galibi ma'aikacin agaji ne a cikin farar mota. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, na jirgi kuwa sai mai hali. Otal-otal ɗin garin an gina su ne don 'yan siyasa da masu taron bita, babu irin masaukin nan mai araha da matasa shida za su raba ɗaki. Babu kwale-kwalen da aka tanada da rigunan kariya don zagaya da baƙi, babu ɗan jagora mai lasisi, babu allo a bakin tsohuwar tashar jirgi da zai gaya wa mai wucewa abin da aka yi a wurin.

Akwai kuma waɗanda ba su ƙosa a buɗe ƙofar ba. Malamai da iyaye na tsoron abin da baƙi masu yawa kan zo da shi. Mata a kasuwa sun gaji da samarin da ke ɗora musu kyamara ba sallama, gobe su ga fuskarsu a Facebook. Wannan ƙorafi yana da hujja, kuma mai jakar goyon da ya fara da gaisuwa da neman izini ya fi samun abin da ya zo nema.

Abin da ke cike giɓin a yanzu shi ne tsohuwar al'adar mai masauki. Matafiyi na zuwa da lambar wayar abokin ɗan'uwansa, ko tsohon abokin makaranta, ko limamin da aka haɗa su. A shimfiɗa masa katifa a zaure ko ɗakin samari, a kawo tuwon dare, da safe a haɗa shi da yaron da zai raka shi tasha. Ba a karɓar kuɗi, kuma ba ya shiga lissafin kowace ma'aikata.

Sha'awar tafiya kuwa akwai ta. A Janairun 2022, da aka buga wasannin rukunin Najeriya na gasar cin kofin Afirka a Garwa, jama'a da dama daga Adamawa suka tsallaka iyaka suka cika filin wasa, Super Eagles ta ci Masar ɗaya da nema. Sunan filin Roumdé Adjia, wata Rumden ce a ɗaya gefen iyaka, a bakin kogi guda. Mai son bin sawunsu daga Jimeta sai ya tanadi takardun tafiya da katin rigakafin shawara, ya canji Sefa tun a kasuwa, ya kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, domin da damina wasu mashigan sai da kwale-kwale.